Muhawara: Yaya aka yi wa yaro ɗan shekara 6 wannan ihun ba a cutar da shi ba?

Zainabu_Alƙalami
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata kan fim ɗin nan ne na ƙasar Ostireliya, The Babadook, wanda Jennifer Kent ta rubuta ta kuma ba da umarni, ya fito a 2014. Ga wanda bai gani ba: mijin Amelia ya rasu a haɗarin mota a hanyar kai ta asibiti haihuwa, ta haifi Samuel a ranar. Yanzu yaron ya kusa cika shekara 7, ba ya barci, ba ya barinta ta runtsa, kullum yana ƙera makamai don wani dodo da yake cewa zai zo. Sai wani littafin yara mai jan bango ya bayyana a gidan. Daga nan uwar ta fara sauyawa, har ta kai tana bin ɗanta da wuƙa.

Abu biyu nake so masana su warware mini. Na farko, ta yaya ake ɗaukar uwa tana zazzaga wa yaro irin waɗannan munanan maganganu, yaron kuma ƙarami ne na gaske? Na biyu, me ya sa fim ɗin yake tayar da hankali haka alhali dodon da ƙyar ake ganinsa?

Darakta_Gwammaja
Wa alaikumus salam, Malama Zainabu. Amsar ta farko ita ce yaron ba ya wurin lokacin da ake ihun. Kent da kanta ta bayyana cewa a wuraren da Amelia take zagin ɗanta, babban mutum aka durƙusar a gaban jarumar, Essie Davis, ta yi masa ihun. Noah Wiseman, yaron da ya fito a Samuel, shekararsa 6, kuma labarin da aka ba shi an tace shi daidai da hankalin yaro.

Ga yadda ake aikin. Ana raba fitowar gida biyu. Da farko a ɗauki ɓangaren yaron, kyamara tana kallonsa shi kaɗai, jarumar tana bayan kyamara tana faɗa masa magana mai sauƙi, ko darakta yana ba shi umarni: ja da baya, kalli ƙasa, riƙe numfashi, gudu zuwa ƙofa. Idan an samu abin da ake so sai a sallame shi ya bar ginin gaba ɗaya, don katanga ba ta tare ihu. Sannan a juya kyamara, wanda zai tsaya a madadinsa ya durƙusa a daidai inda yaron ya tsaya, jarumar ta saki muryarta. Edita ne yake haɗa biyun su zama abu ɗaya.

Editan_Fagge
Haka ne. Bari in ƙara inda aikin yake lalacewa, domin a teburin edita ake gane ɓarnar.

Babbar matsala ita ce inda ido yake kallo. Idon yaro ɗan shekara 6 yana wajen santimita 105 daga ƙasa. Babban mutum idan ya durƙusa ya miƙe bayansa yakan fi haka, sai ya zauna a kan dugadugansa. Idan ba a auna ba, uwar za ta riƙa kallon saman kan yaron, mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba amma zai daina yarda. A sa tef ɗin awo, a rubuta tsayin idon yaron, tsayin kyamara, tazarar da ke tsakaninsu da girman lens, wato gilashin idon kyamara. A manna salatif a ƙasa inda ƙafar kowa ta tsaya. Idan lens na milimita 50 aka sa wa yaron, shi za a sa wa uwar. Kuma kada kyamara ta tsallake layin da ya haɗa su biyun, in ba haka ba dukansu za su fito suna kallon gefe ɗaya.

Na biyu, kada a ɗauki uwar ta saman kafaɗar yaron, tunda ba ya nan. A ɗauke ta ita kaɗai. In dole sai an ga ƙeyarsa, a nemo yaro babba mai ƙaramin jiki, a sa masa kaya da aski iri ɗaya.

Hajiya_Uwargida
'Ya'yana, na ji bayaninku amma hankalina bai kwanta ba. Akwai wuraren da ake ganinsu tare a hoto ɗaya. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta kai hannu wuyansa. A mota yaron yana ƙwalla ihu yana harba ƙafa. Wannan ba dabarar edita ba ce, jikinsa ne. Yaro ɗan shekara 6 ba jariri ba ne, yana karanta fuska. Ko ba a faɗa masa komai ba zai ga matar da yake wasa da ita jiya ta zama wata iri.

Darakta_Gwammaja
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma nan ne aikin ya fi nauyi. Abin da aka sani game da wannan fim shi ne sun yi makonni kafin fara ɗauka, Kent da Davis da yaron, suna wasanni don su saba, kuma mahaifiyarsa tana wurin ɗaukar. Sabon nan ba ado ba ne. Shi ne yake sa yaro ya gane cewa canjin fuska wasa ne mai farawa da ƙarewa.

Inda dole su fito tare, ƙa'idojin su ne waɗannan. A nuna masa motsin a hankali kamar rawa, a ƙirga: ɗaya hannu ya tashi, biyu ya sauka a kafaɗa, uku ka juya kai. Hannu a ƙashin wuya yake sauka, ba a maƙogwaro ba, kusurwar kyamara ce take sa a ga kamar shaƙa. Jarumar tana motsa baki da magana marar zafi, daga baya a ɗora ainihin muryar. A ba yaron kalma ɗaya wadda in ya faɗe ta kowa zai tsaya nan take, kuma a gwada ta a gabansa ya ga tana aiki. Da an ce kot, wato a tsayar da ɗauka, ita jarumar ce za ta fara yi masa murmushi kafin kowa ya yi magana. Kada a maimaita irin wannan fitowa fiye da sau uku ko huɗu.

Abin da aka haramta wa kai: a tsorata yaro da gaske don a samu hawaye, ko a ce masa mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi. Ihu kuwa yara suna son yin sa idan an mayar da shi gasa.

Lauya_Barnawa
In ƙara da lokaci. Dokar Ingila ta 2014 kan yara masu wasan kwaikwayo misali ce mai kyau ga mai tsara jadawali. Yaro mai shekara 5 zuwa 8 ba zai wuce awa 8 a wurin aiki ba, kuma a ciki awa 3 kacal zai yi yana wasa ko gwaji. Wanda bai kai 5 ba, awa 5 a wurin, awa 2 na aiki, ba zai wuce minti 30 a jere ba. Ma'anar wannan ga furodusa ita ce fim ɗin da yaro yake cikin yawancin fitowarsa sai an gina kowace rana a kan waɗannan awa 3. A kunna fitilu a gwada komai da wani kafin a kira shi.

SautiNaKano
Tambaya ta biyu tawa ce. Rufe ido ka saurari minti 15 na farko. Kafin wani dodo ya zo an riga an gajiyar da kunnenka: yaron yana cizon haƙori cikin barci, yana kiran uwar ba ƙaƙƙautawa, abin da ya harba ya fasa gilashi, agogo ya kaɗa. Muryar yaron an bar ta da kaifi, an tura ta gaba. Kai mai kallo sai ka fara jin haushinsa, kuma wannan ne tarkon. Lokacin da uwar ta fara tsanarsa ka riga ka ɗanɗani abin da take ji, sai ka tsorata da kanka.

Dabara ta biyu ita ce yanke sauti kwatsam. Kiɗan Jed Kurzel yana hawa, sai a datse shi a tsakiya da canjin hoto. Kunne yana jiran saukar da ba ta zo ba.

Ga mai son yin irinsa: a kowane ɗaki a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 60 kowa ya tsaya cak, domin shirun da babu komai a cikinsa yana fitowa kamar na'ura ta mutu. A naɗa a 48 kHz, ma'aunin naɗin sauti da aka saba da shi a fim. A ma'aunin ƙarfin sauti, magana ta riƙa kaiwa wajen desibel 12 ƙasa da iyaka, amma idan za a yi ihu a ƙara naɗa a tasha ta biyu da aka sauke da wasu desibel 10, saboda ihun da ya fashe ba ya gyaruwa. Janareto ya yi nisa da aƙalla mita 30, a bayan gini.

Ɗan_Damagaram
Malam Sauti, ka manta da abu guda. Wannan fim an haɗa sautinsa don silima. Mu masu kallonmu a waya suke kallo. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da sauti mai kauri, wato abin da ke ƙasa da 200 Hz, don haka duk gurnanin nan mai girgiza ƙirji ɓacewa yake yi. Dole a ɗora masa wani sauti a sama, kamar ƙarar katako ko numfashi, wanda waya za ta iya fitarwa. A gwada haɗin a waya mai araha kafin a saki.

SautiNaKano
Na karɓi gyara, ɗan'uwa. Kuma a rage tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu, in ba haka ba mutum zai ƙure ƙarar waya don ya ji raɗa, ihu ya zo ya kashe fim ɗin.

Mai_Haske_Tudunwada
Ni gidan nake so a duba. Ba gidan haya suka shiga ba, cikin gidan gina shi aka yi a sitidiyo a birnin Adelaide. Har sai da suka nemi taimakon jama'a a Kickstarter, shafin tara gudummawa na intanet, a 2012, suka tara ɗan sama da dala 30,000 don sashen gini da ado. Amfanin ginawa shi ne sun mallaki launi. Bango, labule, zanin gado, kayan jiki, duk toka-toka ne da shuɗi mai duhu da baƙi. Ba a kwamfuta aka rage launin ba, fenti ne da yadi. Shi ya sa jan littafin yake faɗo wa ido, kuma fatar mutane ba ta koma toka ba. Wanda ya ja launi ƙasa a kwamfuta, fata ce take fara mutuwa.

Dodon kuma daga littafin aka ciro shi. Alex Juhasz ne ya zana ya kuma haɗa littafin, irin wanda hotunansa suke miƙewa tsaye in an buɗe shafi. Tunda an dasa maka siffar tun farko, doguwar hula, baƙar riga, dogayen yatsu, daga baya riga da hula a rataye a bango sun isa. Ana ganin haka a ofishin 'yan sanda. Mai ɗaukar hoto, Radek Ladczuk, yana barin kusurwa ɗaya ta ɗaki baƙi ƙirin, idonka ne yake cika ta.

Kuskuren da ake yi: a ɗauka duhu yana nufin a kashe fitila. Abin da ke fitowa shi ne hoto mai ƙura, kuma in an ɗora a YouTube baƙin ya farfashe ya zama murabba'ai. A haska fuska sosai, a hana hasken zuba a bango da baƙin yadi, sannan a rage kaɗan wajen gyaran launi. Ga baƙar fata, fitila mai faɗi da laushi daga gefe, da ƙaramar fitila daga baya don ta raba kai da bango. Wutarmu 50 Hz ce, don haka a saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, saurin shata (buɗewa da rufewar idon kyamara) 1/50. Amma ƙaramin janareto ba ya tsayawa a 50, hoton sai ya riƙa ƙyafta. Fitilar batir ta fi aminci.

Furodusa_Zoo_Road
A daina cewa fim ne na ƙaramin kuɗi ba tare da an faɗi adadin ba. Kimanin dala miliyan 2 aka kashe, kuma hukumomin fim na gwamnati, Screen Australia da ta jihar Ostireliya ta Kudu, sun sa hannu. A wurinsu kaɗan ne, a wurinmu ba kaɗan ba ne. Abin koyi shi ne tsarin: gida ɗaya, manyan 'yan wasa biyu, minti 94. Kuma Kent ta fara gwada tunanin a gajeren fim mai suna Monster tun 2005. A gida ma bai yi kasuwa ba da farko. A bikin fina-finai na Sundance aka fara nuna shi a Janairun 2014, kuma da ya je Ingila ya samu karɓuwa fiye da ƙasarsa.

Sista_Mai_Jinya
Akwai abin da nake yawan ji ana faɗa kan wannan fim wanda ba daidai ba ne, wai ciwon bayan haihuwa ne yake damun Amelia. Taɓuwar hankali ta bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma yawanci cikin mako biyun farko take farawa. Ita kuwa shekara kusan 7 da haihuwa. Abin da aka nuna ya fi kama da alhinin da ya ƙi wucewa, haɗe da ciwon damuwa da rashin barci. Alamomin suna nan: ta kulle kayan mijin a ɗakin ƙasa, ba ta yarda a ambaci sunansa, ba a taɓa yi wa yaron bikin haihuwa a ainihin ranar ba. Mutum in ya yi kwana biyu zuwa uku bai yi barci ba yakan fara gani da jin abin da babu. Kyankyasan da take gani suna fitowa daga bayan firji, ta zo nunawa babu ramin, daidai yake da wannan.

Marubuci ya kiyaye wani bambanci. Mummunan tunani na cutar da jariri yana faɗo wa iyaye mata da yawa, suna firgita da shi, kuma ba sa aikatawa. Haɗarin yana wurin wadda ta daina ganin tunanin a matsayin mummuna, ko take jin murya tana umartarta. Wannan ta gaggawa ce, asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron.

Bello_Mai_Nazari
Zan fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya tsallake. Maganar Sista ta ƙarfafa abin da na fahimta: babu dodo. Amelia ce ta yi littafin. A wurin bikin ɗiyar 'yar'uwarta ta ce da tana rubutu, har da na yara. A ofishin 'yan sanda hannunta baƙi ne. Littafin da ta yayyaga ya dawo a liƙe da sababbin shafuka masu nuna abin da ke ranta game da kare da yaron. Wa ya san waɗannan in ba ita ba?

Zainabu_Alƙalami
Malam Bello, baƙin hannun ai bayan ta ƙona littafin ne. Kuma yaron da aka fizga sama a matattakala fa?

Marubuci_Ɗanbatta
Ku biyun kun kama ƙa'idar rubutun ba ku faɗe ta ba. Kowane abu da ya faru an ba shi bayani biyu, kuma ba a bari ɗaya ya kashe ɗaya. Baƙin hannu: toka ko alli. Gilashin da ta tarar a miyarta: yaron, ko ita, ko dodon. Fizgar matattakala kuwa, kyamara tana tare da Amelia, don haka abin da ta gani muka gani. Babu wani baƙo mai cikakken hankali da ya taɓa ganin dodon. Maƙwabciyarsu tsohuwa ba ta gani ba, ma'aikatan jin daɗin yara ba su gani ba.

Hanyar gwada sikirif: a yi layi biyu a takarda, a rubuta kowace fitowa, a cike bayanin zahiri a hagu, na ɓoye a dama. Duk fitowar da gefe ɗaya ya zama fanko, ita ce za ta rusa fim ɗin.

Sai juyin da ke tsakiya. Rabin farko yaron ne abin tsoro, uwar abin tausayi. Bayan likita ya ba shi maganin barci ya lafa, sai matsayin ya juya. Ba a sanar da kai ba, ka dai farga kana tsoron wadda kake tausayi.

Ɗan_Damagaram
Idan aka kawo irin wannan labari nan, matsala ta farko ba kyamara ba ce. Minti goma da farawa mai kallo zai ce aljani ne, a kira mai ruƙiyya. Da malam ya shigo ya tabbatar, bayani biyun da Malam Ɗanbatta ya faɗa ya koma ɗaya.

Marubuci_Ɗanbatta
Ana iya riƙe shi. A yi ruƙiyyar, ta samu sauƙi na kwana biyu, amma a daren ne kuma wata ta karɓi yaron ta samu barci. Bayani biyu sun dawo. Abin da ya fi wuya shi ne kaɗaici. Amelia tana da 'yar'uwa ɗaya da ta gaji da ita, da maƙwabciya mai ciwon karkarwa, shi ke nan. A gidan Bahaushe mace mai jego ba ta zama ita kaɗai, akwai wankan jego, akwai uwa da gwaggo, dangin miji ma za su nemi ɗansu. Sai marubuci ya gina dalilin da ya raba ta da mutane, ko kuma ya yi abin da ya fi ƙarfi: gida cike da jama'a, kowa yana ce mata ta yi haƙuri, babu mai tambayar abin da take ji. Ku lura kuma, in uba ya rasu ranar haihuwa, ranar suna ita ce ranar sadakar bakwai. Masu barka da masu ta'aziyya a tabarma ɗaya, ga takaba ta wata huɗu da kwana goma a gabanta.

Malam_Na_Zaure
Gyara kaɗan, Malam. Mai ciki iddarta tana ƙarewa da haihuwa, haka yake a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4, kuma hadisin Subai'atul Aslamiyya ya tabbatar da shi ga wadda mijinta ya rasu. Wannan shi ne ra'ayin jumhur, wato mafi yawan malamai. To wadda mijinta ya rasu da safe ta haihu da yamma, takabarta ta ƙare a ranar. Marubuci ya kiyaye, masu kallo za su kama kuskuren.

Hajiya_Uwargida
Allah ya saka, Malam. Wannan ma ya ƙara wa labarin nauyi, don ba ta samu zaman makokin da sauran mata suke samu ba. Ina ƙara jan hankali kan alkunya. A fim ɗin, abin da yake nuna akwai matsala shi ne Amelia tana janye jiki in yaron ya rungume ta, tana matsawa bakin gado. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma kowa ya san kunya ce. In ka ɗauko alamar nan yadda take, ba wanda zai ga komai. Sai dai a yi amfani da ita: jama'a suna yaba mata kunya, mai kallo kaɗai yake ganin abin yana nan har in sun kaɗaita a ɗaki.

Kayan_Aiki_Brigade
In dawo da mu kan tsaron yaron, ta fuskar kaya. Wuƙa iri biyu ake tanada masu kama ɗaya: ta ƙarfe wadda aka dakushe bakinta da tsininta don hoton kusa, da ta roba don duk inda yaro yake ko ake gudu. Ta ƙarfen ba ta shiga ɗaki in yana ciki, kuma mutum ɗaya ne yake riƙe su.

Gilashin fasawa da suga ake yi: kofi 3 da rabi na suga, kofi 1 na ruwan gulukos mai kauri, kofi 2 na ruwa, a dafa har ya kai digiri 150, a zuba a faranti mai mai ya huce. Da damina yakan yi danƙo cikin awanni, don haka a yi shi ranar. Ba ya aiki a miya mai zafi, narkewa yake, nan sai silikon mai haske da aka yanka. Ko na suga yana da kaifi, yaro ba ya taka shi ba takalmi.

Jini: kofi 1 na ruwan suga mai kauri, cokali 1 na jan kalar abinci, cokali 1 na garin koko, ɗigo ɗaya na shuɗi. Ba koko zai fito kamar lemo. A bar yaron ya taya haɗawa ya ɗanɗana, daga nan ba ya tsoronsa. Igiya kuma ba a ƙulla ta da gaske, a baya ake riƙe ta yadda ja ɗaya zai kwance.

Zainabu_Alƙalami
Na gode ƙwarai. Saura fitowar mota da Hajiya ta ambata, inda yaron ya yi jijjiga. Ita ce ta fi tsaya mini.

Darakta_Gwammaja
Irin wannan ba a ɗaukarta jaruma tana tuƙi da gaske. Ko a ja motar a kan tirela, ko tana tsaye a sa hoton titi a bayan taga, mutum biyu suna girgiza ta, wani yana wuce da fitila. Jijjigar gunduwa-gunduwa ake ɗauka, kowace daƙiƙa 5 zuwa 10: ƙafa kaɗai, hannu kaɗai, sannan fuska. Ba a sa yaro ya riƙe numfashi ko ya yi ta haki da sauri, yana iya suma da gaske. Mota a rufe da fitilu tana zafi cikin mintoci, a buɗe ƙofofi bayan kowace ɗauka.

Sista_Mai_Jinya
Kuma don Allah in za a nuna jijjiga a fim ɗin Hausa a nuna abin da ya dace, mutane suna kwaikwayo. A kwantar da yaro a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa komai. In ta wuce minti 5, asibiti.

Lauya_Barnawa
Hukumar tantance fina-finai ta Birtaniya ta ce sai mai shekara 15 zuwa sama zai kalli wannan fim, wato shi kansa yaron da ya fito a ciki bai kai shekarun kallonsa ba. Wannan ya shiga yarjejeniya da iyaye a rubuce: ba zai kalla ba, ba za a yanko fitowarsa ta kuka a yi talla da ita ba, kuma kuɗinsa a asusu da sunansa. A nan akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, da ta jihar Kano ta 2001. Labarin da uwa take ɗaga wa ɗanta wuƙa, a kai musu sikirif tun kafin a kashe kuɗin ɗauka.

Bello_Mai_Nazari
Ni ƙarshen ne har yanzu ban gamsu da shi ba. Matar da ta karya wuyan kare, ta yanke wayar tarho, ta shaƙe ɗanta, sai a nuna ta tana kai wa dodo kwanon tana a ɗakin ƙasa, an bar mata yaron, ba likita ba magani. Ma'anar a fili take, baƙin ciki ba ya mutuwa, sarrafa shi ake yi. Amma ga mai irin wannan ciwo saƙon yana da haɗari.

Sista_Mai_Jinya
Ina tare da kai rabi. An nuna canji na gaske: tana ambaton mijin, ta yi wa yaron biki a ranarsa, ta bar maƙwabciya ta shigo rayuwarsu, kuma ba ta barin yaron ya sauka ɗakin. Amma fitowa ɗaya ta ganin likita da ba ta rage komai ba.

Editan_Fagge
Malama Zainabu, abu na ƙarshe daga gare ni kan tambayarki ta farko. Tunda uwar da yaron ba tare aka ɗauke su ba, edita yana bukatar fuskokin yaron masu yawa da zai zaɓa. Kowace rana, kafin a sallame shi, a bar kyamara tana tafiya minti biyu yana zaune shiru a hasken fitowar: ya kalli hagu, ya kalli dama, ya ɗaga kai a hankali, ya haɗiye yawu. Yawancin abin da mai kallo yake ɗauka firgici ne, yaro ne kawai yana sauraro, muryar da aka ɗora daga baya ce ta ba shi ma'ana. A rubuta lambar kowace ɗauka da kayan da ke jikinsa, domin haƙorin yaro ɗan shekara 6 yana iya faɗuwa a tsakiyar aikin mako shida, kuma duk abin da aka ɗauka kafin nan ba zai haɗu da na baya ba sai an sa masa na roba.